Katangar Nama: Abin da Ke Samun Wasu Mata Bayan Ƙiba Ta Zube

A shekarun 1980, wata matashiya mai aikin jinya ta je asibitin rage ƙiba na Kaiser Permanente da ke San Diego, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ranar da ta hau sikeli, kilo 185 ya nuna. Aka ɗora ta kan tsarin da asibitin ke tinƙaho da shi, wanda mutum zai ƙaurace wa abinci ya rayu kan sinadaran da likita ya auna masa. Cikin mako 51 ta sauko zuwa kilo 60. Irin sakamakon da likita ke ɗauka ya kai taro ke nan a tafa masa. To amma ba a jima ba wani abokin aikinta, magidanci da ya girme ta nesa ba kusa ba, ya fara yaba surarta, daga nan ya fito fili ya neme ta. Cikin mako uku ta mayar da kusan kilo 17. Cikin barci take tashi ta shiga kicin ta cinye abin da ta samu, gari ya waye ta tarar da tukwane a buɗe, ba ta tuna komai ba. Da likitanta, Vincent Felitti, ya matsa mata da tambaya, sai maganar ta fito: kakanta ya daɗe yana lalata da ita tun tana yarinya. Ta daina zuwa asibitin. Ƙibar ta dawo kaf, kuma dawowar ta fi tafiyar sauri.

Ba ita kaɗai ba ce. Abin da ya ɗaure wa Felitti kai shi ne kusan rabin masu zuwa asibitin suna gudu kafin a gama, kuma da ya duba takardunsu sai ya ga ba waɗanda abin ya gagara ne ke gudu ba. Masu samun nasara ne. Ya shiga kiran su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar tarihin rayuwarsu. Wata rana bakinsa ya suɓuce: maimakon ya tambayi wata mata shekarunta nawa lokacin da ta fara sanin namiji, sai ya ce mata nauyinta nawa a lokacin. Ta ce kimanin kilo 18, ta fashe da kuka. Shekararta huɗu a lokacin, kuma mahaifinta ne. Felitti da abokan aikinsa suka yi hira da mutum 286, suka tarar fiye da rabinsu an ci zarafinsu ta hanyar lalata tun suna ƙanana. Wata da aka yi wa fyaɗe tana da shekara 23, ta ƙara kusan kilo 48 a shekarar da ta biyo baya, ita ce ta faɗa masa maganar da ya yi ta maimaitawa har ya tsufa: mai ƙiba ba a kallonta, ita kuwa abin da take buƙata ke nan.

Da ya kai wannan bayani gaban masana ƙiba a birnin Atlanta a 1990, wani daga cikinsu ya miƙe ya ce masa ya cika saurin yarda, ai uzuri kawai marasa lafiyar ke ƙirƙira don su rufe gazawarsu. Sai dai akwai wani ma'aikacin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, a wurin, wanda ya ba shi shawarar ya faɗaɗa binciken. Daga nan aka haifi binciken nan da ake kira ACE, kan munanan abubuwan da ke samun mutum a yarinta da tasirinsu ga lafiyarsa, wanda Felitti ya yi tare da Robert Anda, aka tambayi mutum fiye da 17,000 tsakanin 1995 da 1997, aka fara buga sakamakonsa a 1998. Kusan mace ɗaya cikin huɗu a cikinsu ta ce an yi lalata da ita tana ƙarama. Kuma waɗannan ba 'yan kwararo ba ne, mutane ne masu aiki, masu inshorar lafiya, yawancinsu sun yi karatu mai zurfi. Wani binciken da Jennie Noll ta jagoranta, aka buga a 2007, ya bi sawun 'yan mata tun suna yara har suka girma: cikin waɗanda aka ci zarafinsu, kashi 42 cikin ɗari sun yi ƙiba mai yawa a farkon shekarunsu na ashirin, cikin waɗanda ba a taɓa ba kuwa kashi 28.

Darasin da Felitti ya ɗauka shi ne, abin da likita ke gani a matsayin cuta, wani lokaci shi ne maganin da majinyaciyar ta haɗa wa kanta. Katanga ce ta gina da nama, tubali bayan tubali, don kada a sake hango ta. Likita ya zo ya rushe katangar cikin shekara guda, ya yi mata barka, ya sallame ta ta fita titi.

Abin da ya sa wannan tsohon labari ya dawo sabo shi ne allurar rage ƙiba. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ya samu amincewar hukumomin Amurka kan Ozempic a 2017 don masu ciwon suga, sannan kan Wegovy a 2021 don rage ƙiba. Sinadarinsu ɗaya ne, yana kashe marmarin abinci yana kuma sa ciki ya daɗe bai narkar da abin da aka ci ba. A gwajin da aka yi, mutane sun zubar da kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu cikin mako 68. Na kamfanin Eli Lilly, wato Mounjaro da Zepbound, ya kai kusan kashi 20. Wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta cibiyar binciken harkokin lafiya ta KFF a 2024 ta nuna babban mutum ɗaya cikin takwas a Amurka ya taɓa amfani da irin waɗannan magunguna. Abin da a da sai an yi tiyatar rage tumbi ake samunsa, yanzu da allura ɗaya a mako ake yi. Ma'ana, miliyoyin mata suna ratsa hanyar da waccan ma'aikaciyar jinya ta ratsa, a lokaci guda, kuma da yawansu babu wani likita da ya zauna da su ya ji tarihinsu.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba kowace mai ƙiba ce ke ɗauke da irin wannan tabo ba. Gado ne ga wasu, ga wasu haihuwa, ga wasu magani, ga wasu zaman wuri ɗaya da abincin zamani. Wanda zai ga mace mai jiki ya ce lallai an taɓa cin zarafinta, shi ma wani cin zarafin ya yi. Kuma rage ƙiba alheri ne ga mai hawan jini, ko suga, ko ciwon gwiwa. Maganar ita ce, hatta wadda ba ta da wani ɓoyayyen ciwo a baya, idan jikinta ya sauya cikin watanni, duniyar da ke kallonta ita ma sauyawa take yi, kuma ba a shirya ta ba.

Abin da matan Amurka da Ingila ke yawan bayyanawa yana kama da juna. Da farko daɗi ne. Mai kanti yana murmushi, ana riƙe mata ƙofa, a ofis an fara sauraronta idan ta yi magana. Sai kuma sauran kayan su biyo baya, don a buhu ɗaya suke zuwa: fito daga bakin titi, mota ta rage gudu ta bi ta a hankali, wani ya zauna kusa da ita a jirgin ƙasa alhali ga kujeru nan fayau, hannu a ƙugu wai ana neman hanyar wucewa, saƙon tsakar dare daga mijin ƙawarta. Ba sabon abu ba ne ga mata gaba ɗaya. Ƙungiyar Stop Street Harassment ta yi bincike a Amurka a 2018 ta samu kashi 81 cikin ɗari na mata sun taɓa fuskantar tsangwama ko cin zarafi irin na lalata. A Birtaniya kuma, binciken da reshen hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2021 ya ce kashi 71 sun gamu da shi a bainar jama'a. Sabon abin shi ne lokacin da ya same ta.

Nan ne nake ganin ba a cika tsayawa a duba ba. Kare kai daga nacin maza sana'a ce da ake koyo, kuma abin takaici, yawancin mata tun suna shekara goma sha biyu ko sha uku suke fara koyonta. Yadda za ki ɗaure fuska ba tare da kin tunzura shi ba. Yadda za ki gane bambancin mai gaisuwa da mai farauta tun daga takunsa. Yadda za ki ce a'a sau uku da murya iri uku. Lambar bogi, zoben ƙarya, kiran waya na ƙarya. Matar da ta yi ƙuruciyarta da budurcinta maza suna kau da kai daga gare ta, ta koyi wasu dabarun daban, na jure ba'a da haɗiye wulaƙanci, amma ba ta koyi waɗannan ba. Sai ga ta da shekara 38, uwar 'ya'ya, shugabar sashe a wurin aiki, tana rawar jiki a gaban abin da 'yar shekara ashirin za ta kashe da harara ɗaya. Kuma mai farauta yana gane wadda ba ta saba ba. Wadda ta daɗe ba a yaba mata ba takan yi jinkirin gane inda yabo ya ƙare, inda tarko ya fara, wani lokaci ma kunya take ji ta yi ƙorafi, don kada a ce ai abin da ta nema ke nan.

Akwai kuma lissafin jiki tsagwaronsa. Mace mai kilo 130 ta san ba mai sunkutarta ya jefa a mota cikin sauƙi. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, tana tafiya da wannan tunani, yana ba ta natsuwa. Ranar da ta koma kilo 65, wani ya ɗaga ta sama da wasa a wurin biki, kowa yana dariya, ita kuwa abin da ta gano a wannan daƙiƙar shi ne ana iya ɗaukarta. Ƙari a kan haka, rama mai sauri ba kitse kaɗai take ci ba, tana tafiya da tsoka, don haka raunin da take ji ba duka ne zato ba.

Sai fushi, wanda shi ne ba a so a ji. Idan mutanen da suka shekara goma suna wuce ki kamar turmi yau su ne masu fara'a, to kin samu amsar tambayar da kika daɗe kina gudun yi: ashe da gaske raina ki suke yi. Halinki bai sauya ba, iliminki bai ƙaru ba. Masu taya murna suna cewa kin yi kyau, ke kuma abin da kunnenki ke ji shi ne yadda suke ganinki a da.

To, shin ƙibar ta kare su da gaske? A nan ne ya kamata a taka a hankali, domin amsar ita ce a'a, kuma wanda ya ce e ya buɗe ƙofar wata ɓarnar. Masu ƙiba ana tsangwamarsu, sai dai da wani harshe. Ana yi musu ihu daga mota, ana ɗaukar hotonsu a ɓoye a watsa a intanet, ana taɓa jikinsu da sunan wasa, ana kuma yi musu fyaɗe. Bambancin shi ne idan sun kai ƙara ba a cika yarda da su ba. A 2017, a lardin Kebek na Kanada, wani alƙali mai suna Jean-Paul Braun yana sauraron shari'ar direban tasi da ya ci zarafin yarinya 'yar shekara 17, sai ya ce yarinyar tana da ɗan jiki amma fuskarta kyakkyawa ce, har ya nuna wataƙila ta ɗan ji daɗin kulawar da aka ba ta. An dai samu direban da laifi, maganar alƙalin kuma ta tayar da ƙura. Amma ta tona abin da ke zuciyar mutane da yawa: wai mai ƙiba godiya ya kamata ta yi idan an neme ta. Wannan tunani kariya ne, amma ga mai laifi. Ya san idan ta yi magana za a ce wa zai kalle ta.

Saboda haka abin da ke faruwa sauyin salo ne. Tana da ƙiba, raini. Ta rame, kwaɗayi. Gaba kura, baya sayaki. Katangar da ta gina ta rage mata yawan idanu a titi, wannan gaskiya ne, kuma ga wadda kallo kaɗai ke tayar mata da tsohon firgici, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma ba ta taɓa hana mugu shigowa ba, musamman da yake mugun yawanci ba daga titi yake zuwa ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 sun ce kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi na lalata, kuma mafi yawansa daga miji ne ko saurayi. Waɗanda wani daban ya yi wa, kusan kashi 6 ne cikin ɗari.

Wannan ya kai mu cikin gida, inda sauyin jiki ke girgiza abin da aka gina aure a kai. Wani bincike da aka yi a Suwidin, aka buga a 2018, ya bi dubban mutanen da aka yi wa tiyatar rage ƙiba, ya tarar da abu biyu a tare: marasa aure sun fi samun aure, masu aure kuma sun fi rabuwa, kuma gwargwadon yawan kilon da aka zubar, gwargwadon ƙaruwar abin. Ana iya karanta wannan ta fuska biyu, kuma ina ganin duka biyun gaskiya ne. Akwai matar da ta samu ƙarfin zuciyar barin auren da dama ƙunci ne. Akwai kuma mijin da natsuwarsa ta dogara kan imanin cewa babu mai son matarsa sai shi. Ranar da ya ga ana waiwayenta, sai binciken waya ya fara, sai tambayar ina kika tsaya, sai wannan rigar ta matse, sai ya riƙa shigowa da kayan zaƙin da ya san ta daina ci. Masu aiki da matan da ake duka sun daɗe da sanin cewa lokacin da mai danniya ya ji iko na suɓuce masa shi ne lokaci mafi haɗari. Matar da ke shirin tiyata ana auna mata jini, ana duba zuciyarta, ana koya mata yadda za ta tauna abinci. Ya kamata a ce ana tambayarta wa ke jiranta a gida, kuma yaya zai ɗauki abin.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan matsalar Turawa ce, mu nan madubin a juye yake. Da gaskiyarsa, rabi. A Hausa babu ma kalmar yabo ga wadda jikinta ya ragu. "Kin rame" jaje ne, ba barka ba. Amarya ta yi wata uku ba ta murje ba, dangi sun fara ƙus-ƙus ko miji ba ya ciyar da ita, ko kishiya ta sa ta a gaba. Wadda ta zube da sauri kuwa, tun zamanin da ƙanjamau ya shigo, an san irin zargin da ke bin ta. Shi ya sa kasuwarmu ta maganin ƙiba ce, irin su sha-ka-fashe, waɗanda galibi ƙwayoyi ne da aka yi don wasu cututtuka daban, masu kumbura jiki su bar mutum da hawan jini, ko suga, ko ciwon ƙoda. Ko da yake a birane abin ya fara rabuwa biyu, ga masu shayin rage tumbi da ɗamarar matse ciki a Instagram, ga masu haɗin ƙarin ƙugu, wani lokaci ma shago ɗaya ke sayar da duka biyun.

Amma juyewar madubi ba ta sauya abin da ke bayansa ba. Yarinyar da ta cika ta yi jiki a unguwa ta san ranar da majalisar bakin layi ta fara yin shiru idan ta zo wucewa, ta san ranar da mai shago ya fara riƙe canji don ta daɗe a tsaye, ranar da mai adaidaita ya gyara madubinsa. Uwa ta lura, sai ta ƙara mata tsawon hijabi. 'Yan mata nawa ne ke tafiya a duƙe, kafaɗa a rufe, don ɓoye ƙirjin da ya fito da wuri? Ita ma katanga ce, da yadi aka gina ta maimakon nama. Kuma labaran da suka fito ƙarƙashin maudu'in ArewaMeToo a 2019, inda matan Arewa suka riƙa bayyana cin zarafin da aka yi musu a intanet, sun nuna iyakar amfaninta, domin da yawan masu ba da labarin ba a titi abin ya same su ba. A ɗaki ne, a makaranta, a hannun wanda aka amince wa, wasu tun ba su san mene ne jiki ba.

Muna da karin maganar da ke fitowa duk lokacin da aka zo nan: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na daɗe ina jin haushin yadda ake amfani da ita. Ana faɗinta kamar adalci ne, a raba laifi biyu kowa ya ɗauki nasa. To ga matan da suka gwada cire warin gaba ɗaya. Sun binne surarsu cikin kilo hamsin na kitse, suka sayi ciwon suga da ciwon gwiwa da kuɗinsu don kada a shinshino su, ɓeran bai fasa ba, suna kawai ya sauya wa abin da yake yi. Yarinyar nan mai kilo 18 kuma, wane wari ta yi?

Abin da ke hannun likitoci a nan ba shi da tsada. Tambaya ce, kafin a fara allura ko a shiga tiyata: yaushe ƙibar ta fara, me ya faru a shekarar, kuma me kike tsoron zai faru idan ta tafi? Felitti ya ce da suka fara yi wa mutane irin waɗannan tambayoyi kai tsaye, ba su fusata ba kamar yadda abokan aikinsa suka yi hasashe, da yawa ma godiya suka yi, don ba a taɓa tambayarsu ba. Wadda amsarta ta nuna akwai tabo, sai a haɗa ta da mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, a tafi da ramar a hankali yadda zuciya za ta iya bin jiki. Wasu matan kuma horon kare kai ko ɗaga ƙarfe ne ke mayar musu da jin cewa jikin nan, ko ya ƙanƙance, nasu ne kuma yana da ƙarfi. Wannan ba ya gyara titi, ba ya gyara ofis, amma yana hana mace komawa kicin da tsakar dare ta sake ɗora tubali.

Sai dai kasuwar ta nufi wata hanyar daban. A Amurka yanzu ana sayen allurar nan ta waya. Ki cike fom, ki rubuta tsawonki da nauyinki da magungunan da kike sha, wataƙila ki tura hoto, wani likita da ba ki taɓa gani ba ya sa hannu, bayan kwana kaɗan a kawo miki kwali mai sanyi har ƙofar gida. Fom ɗin yana tambayar ko a danginku akwai mai ciwon dajin maƙoshi, yana tambayar ko kina da ciki. Wata shida bayan nan sikeli zai nuna kilo goma sha biyar sun tafi, manhajar za ta aiko miki da saƙon taya murna, ke kuma kina tsaye a tashar bas da magariba, makulli a dunƙule cikin tafin hannu, kina lissafin ko mutumin da ke bayanki tun ɗazu hanyarsa ce ko taki yake bi.